A Sawun Masu Hoton Yaƙi, Daga Antietam Zuwa Gettysburg

Sharpsburg ƙaramin gari ne a jihar Maryland ta Amurka, mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. In ba don abin da ya faru a gonakin da ke kewaye da shi ranar 17 ga Satumba 1862 ba, da babu mai baro Washington ya yi tafiyar sama da kilomita 100 don ya gan shi. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya daɗe a yankin yana aikin jinya, amma bai taɓa taka wurin ba. Da na ce masa can nake so ya kai ni, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, mutane na zuwa Amurka su ce a kai su New York, kai kuma gona kake so a kai ka?" Duk da haka ya cika filas da shayi, ya ɗauko dambun naman da na kawo masa tsaraba, muka kama hanya da sassafe. Muka wuce Frederick, muka haura tsaunin South Mountain, muka gangara ta Boonsboro. Lokacin kaka ne, ganyaye sun yi ja da ɗorawa, sanyi bai riga ya kankama ba.

Sana'ata hoto ce, kuma na koye ta tun zamanin fim, lokacin da sai an shiga ɗakin duhu an wanke kafin a san abin da aka ɗauko. Abin da ya kawo ni ke nan. A wannan fili ne aka fara ɗaukar hoton sojojin Amurka da suka mutu a fagen fama tun ba a binne su ba. Hotunan suna nan kyauta a shafin intanet na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, don haka na buga wasu a takarda na riƙo a jaka, da niyyar in tsaya inda mai hoton ya tsaya in ga abin da ya gani da abin da ya bari a waje.

Labarin yaƙin kansa a taƙaice yake. Shekara ta biyu ce ta yaƙin basasar Amurka. Janar Robert Lee na jihohin Kudu, masu neman ɓallewa don riƙe bayinsu, ya tsallako kogin Potomac ya shigo Maryland. Janar George McClellan na sojojin Tarayya ya tare shi a bakin rafin Antietam. Daga asuba zuwa magariba, mutum kusan 23,000 ne aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace, fiye da 3,600 daga cikinsu sun mutu a ranar. Har yau Amurka ba ta sake ganin yini ɗaya da aka zubar da jini irin wannan ba. Daren 18 ga wata Lee ya janye, washegari 19 ga wata wani mutumin Sikotilan mai suna Alexander Gardner da mataimakinsa James Gibson suka kafa kyamararsu. Cikin 'yan kwanaki suka ɗauki hotuna kusan 70.

Mun fara da ƙaramar majami'ar nan fara da ake kira Dunker, wadda ke tsallaken titi daga ofishin baƙi. Gini ne mai ɗaki ɗaya, ba hasumiya, ba ado, sai bencunan katako. Masu ita mutane ne 'yan asalin Jamus waɗanda aƙidarsu ta hana su ɗaukar makami, sai ga shi a ƙofarsu aka yi wasu daga cikin mafi munin gumurzun ranar. Ginin da ke tsaye yanzu ma ba na asalin ba ne. Guguwa ta rushe wancan a 1921, aka sake gina shi a 1962. Na fito da takardata. A hoton, majami'ar tana can baya da ramukan harsashi a bangonta, a gaba kuma ga keken igwa da gawawwakin sojojin Kudu kwance a gefensa. Na yi ta ja da baya ina matsawa hagu da dama har rufin ginin ya zauna daidai da na takardar. Inda na tsaya ciyawa ce da aka aske tsaf, mutum zai iya shimfiɗa tabarma.

Tsayuwar nan ce ta sa na fahimci wahalar aikin, domin kyamarar wancan zamani ba a rataye ta a wuya. Babu fim. Farantin gilashi ake ɗauka a goge shi tas, a zuba masa wani ruwa mai yauƙi da ake kira kolodiyon, a dinga karkata shi har ya bi ko'ina, kamar mai juya ƙullin sinasir a kasko. Sannan a cikin duhu a tsoma shi a ruwan sinadarin azurfa na 'yan mintoci, a saka shi a akwatin da haske ba ya shiga, a ruga da shi zuwa kyamarar da aka riga aka kafa a kan ƙafafu uku. Mai hoto ya cire murfin ido ya ƙirga daƙiƙoƙi, ya mayar, ya sake rugawa ya wanke. Duk wannan dole a gama shi kafin gilashin ya bushe, abin da bai wuce minti goma zuwa sha biyar ba. Saboda haka ɗakin duhun ma tare da shi ake yawo, a cikin keken doki. Wani Baturen Ingila, Frederick Scott Archer, ne ya fito da wannan hanya a 1851. Sai mai karatu ya haɗa wannan da ƙura, da ƙudaje, da warin gawawwakin mutane da dawakai da suka kwana biyu a rana. Ni da na taɓa ɓata fim guda saboda ƙofar ɗaki ta ɗan buɗe, na san hannun da ya yi wannan aiki a irin wannan wuri ba ƙaramin hannu ba ne.

Abin da ya biyo baya shi ne kan maganar gaba ɗaya. Duk abin da ya motsa a cikin waɗannan daƙiƙoƙi, hazo yake zama a gilashi. Doki mai gudu, soja mai kai hari, hayaƙin igwa, babu wanda kyamarar ke iya kamawa. Wato ba a iya ɗaukar hoton yaƙin, sai abin da yaƙin ya bari. Matattu ne kaɗai ba sai an ce musu kada su motsa ba.

Daga nan muka taka zuwa tsohuwar hanyar Hagerstown, inda aka sake kafa shingen katako irin na da. A hoton Gardner gawawwakin mutanen Louisiana ne zube a gindin shingen, wani hannunsa a sama ya sandare, wani ya lanƙwashe. Kawu ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa da idon ma'aikacin asibiti, ya nuna mini yadda cikinsu ya kumbura har tufafi suka ɗame. Sannan ya tambaye ni, "To ina na ɗaya ɓangaren? Su ba su mutu ba ne?"

Na ce, "Kawu, ai kun taɓo wurin."

Sojojin Tarayya ne suka riƙe filin bayan Lee ya tafi, kuma nasu suka fara binnewa. Kafin Gardner ya shirya gilasansa, yawancin waɗanda suka rage a sarari mutanen Kudu ne. Akwai hoto guda da ya faɗi wannan ƙarara. A gindin wata bishiya ga sabon kabari da allon katako, ga kuma gawar wani matashin sojan Kudu a gefensa, ba wanda ya rufe ta, wani mutum na tsaye yana kallo. Fiye da shekara ɗari bayan haka wani mai bincike, William Frassanito, ya gano cewa kabarin na Laftanar John Clark ne na runduna ta 7 ta Michigan. Mai kabari an san sunansa, da muƙaminsa, da jiharsa. Na kwancen kuwa hotonsa kawai duniya ta samu.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani burtali da kekunan manoma suka cinye har ya yi zurfi. Sojojin Kudu suka kwanta a cikinsa suka mai da shi ramin tsaro, suna harbin duk wanda ya leƙo ta kan tudu, har aka samu aka ɓullo musu ta gefe, burtalin ya koma tarko. Cikin sa'o'i uku zuwa huɗu, mutum wajen 5,500 suka faɗi a nan daga ɓangarorin biyu, shi ya sa ake kiransa burtalin jini. Na shiga ciki na bi shi da ƙafa. Zurfinsa a wasu wuraren bai wuce ƙuguna ba, faɗinsa kuma mota ɗaya ce za ta bi. A takardata cike yake da mutane, wani kan wani. A ƙarshensa akwai hasumiyar dutse da ma'aikatar yaƙi ta gina a ƙarshen ƙarni na 19. Kawu ya ce gwiwarsa ba ta yarda ba, na hau ni kaɗai. Daga sama gonakin masara ne da rumbuna da shanu, har yanzu ana noma wurin. Gadar Burnside, wadda ke kan rafin Antietam, mun leƙa ta a tsaitsaye. Kyakkyawar gada ce ta dutse mai baki uku, kuma bishiyar da ke gefenta tana cikin hoton Gardner tun tana ƙarama. Muka yi azahar a gefen mota, muka ci dambu da burodi.

A kan shayin ne na ba Kawu labarin inda hotunan suka tafi. Gardner ma'aikaci ne a lokacin, maigidansa Mathew Brady, shahararren mai hoton manyan mutane. A watan Oktoba na 1862 Brady ya rataya ƙaramin allo a ƙofar shagonsa da ke titin Broadway a New York, an rubuta "Matattun Antietam", mutane suka yi ta hawa bene suna kallo. Sunan Brady ne a kan hotunan, ba na waɗanda suka shaƙi warin ba, kuma ba a daɗe ba Gardner ya bar shi ya buɗe nasa shagon a Washington, inda ya riƙa rubuta sunan kowane mai hoto a ƙarƙashin aikinsa. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago ya san wannan ciwo.

Kafin wannan nuni, mutumin New York ya san yaƙi ne ta hanya biyu: jerin sunayen mamata a jaridar safe, da zanen masu zane, inda janar ke kan farin doki, tuta na kaɗawa, wanda aka harba kuma yana faɗuwa cikin mutunci a hannun abokinsa. Ranar 20 ga Oktoba jaridar New York Times ta rubuta cewa in ma Brady bai kwaso gawawwakin ya ajiye mana a ƙofar gida da bakin titi ba, to ya yi abin da ya yi kusa da haka. Marubucin ya ce da madubin ƙara girma ana iya gane fuskoki, kuma ba zai so ya kasance a ɗakin ba ranar da wata mata za ta sunkuya ta gane mijinta ko ɗanta ko ɗan'uwanta. Magana ce mai taɓa zuciya, sai dai matan da za su iya gane yawancin fuskokin nan suna can Louisiana da sauran jihohin Kudu, bayan layin daga, ba su da hanyar zuwa Broadway.

Kuma kada a ɗauka kowa ya ga hotunan kamar yadda muke ganinsu yau. Injin buga jarida na lokacin ba ya iya buga hoto, sai a shekarun 1880 aka fara samun dabarar. Mujallar Harper's Weekly masu sassaƙa ta ba, suka kwafe su a kan katako, aka buga zanen, kuma hannun mai sassaƙa yakan tausasa abin da gilashi bai tausasa ba. Ainihin hotunan sayar da su ake yi a kan kati, yawanci tagwaye, a saka a wani abin leƙe mai ido biyu, sai mutum ya ga filin da zurfinsa kamar zai taka ciki. A falon gida ake wannan kallo. Wani likita kuma marubuci, Oliver Wendell Holmes, wanda ya zo filin nan da kansa neman ɗansa da aka harba a wuya, ya rubuta a 1863 cewa duk mai son sanin mene ne yaƙi ya dubi waɗannan hotuna, amma shi da ya gan su sai ya ji yana so ya binne su a can ƙuryar akwati.

Kawu ya ce, "Gani ya kori ji ke nan." Na ce ya kora, amma bai tsai da komai ba. An ci gaba da yaƙin har Afrilun 1865, ya ci rayuka sama da 600,000. Ana yawan faɗin cewa hotunan Antietam sun juya ra'ayin jama'a a kan yaƙi, ni dai ina ganin an cika gishiri. Abin da suka yi shi ne suka kashe kasuwar farin dokin nan, suka kuma koya wa masu mulki cewa kyamara abar tsoro ce. Shaidar tana gaba: a Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta hana buga hoton gawar sojanta, sai a Satumbar 1943 ta bari mujallar Life ta buga na wasu sojoji uku kwance a gaɓar tekun Buna. Sannan kyamarar nan ba ta matattu kaɗai ba ce. Kwana biyar bayan gumurzun Antietam, Shugaba Abraham Lincoln ya yi amfani da janyewar Lee ya fitar da sanarwar farko ta 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye. A farkon Oktoba ya zo filin da kansa, Gardner ɗin dai ya ɗauke shi da doguwar hularsa a gaban tanti tare da McClellan, wanda zai tuɓe bayan wata guda.

A wajen Amurka an riga su kai kyamara fagen yaƙi. A 1855 Roger Fenton ya je yaƙin Kirimiya, inda Birtaniya da Faransa da Turkiyya ke fafatawa da Rasha, da keken wani mai sayar da giya da ya mayar ɗakin duhu. Ya dawo da hotuna wajen 360, hafsoshi da tantuna da jiragen ruwa, babu gawa ko ɗaya, alhali cuta da sanyi sun yi wa sojojin Birtaniya mummunar ɓarna a can. Felice Beato kuwa ya nuna ƙasusuwan Indiyawa a Lucknow a 1858 da gawawwakin sojojin Sin a ganuwar Taku a 1860. Turawan da suka mutu a waɗannan yaƙe-yaƙe ba su ne a gaban kyamararsa ba.

Kafin mu bar Sharpsburg mun tsaya a maƙabartar ƙasa da ke kan tudu a bakin gari. Sojojin Tarayya sama da 4,700 ne a ciki, layi-layi. Na Kudu ba a ba su wuri ba. Daga baya aka tono su daga gonaki aka kai su Hagerstown da Frederick da Shepherdstown.

Gettysburg tana arewa, a jihar Pennsylvania, tafiyar awa ɗaya da 'yan kai. Mun je ta a wata ranar dabam, kuma ba ta yi mini daɗin Antietam ba. Motocin 'yan yawon buɗe ido, shagunan riguna da hulunan soja na roba, gumakan tunawa fiye da dubu, har da masu tallar yawon ganin fatalwa da dare. An gwabza a nan daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863, kuma Gardner ya iso bayan kwana biyu, wannan karon da sunan kansa, tare da Gibson da Timothy O'Sullivan. Ni wuri ɗaya na zo gani, wani tarin manyan duwatsu da ake kira Devil's Den.

A tsakanin duwatsu biyu akwai ɗan lungu da aka toshe da jeren ƙananan duwatsu. A nan aka ɗauki ɗaya daga cikin hotunan da suka fi shahara a yaƙin: matashin sojan Kudu kwance a rigingine, fuskarsa ta juyo wajen mai kallo, bindiga jingine da bango. Gardner ya ce gwanin harbi ne da ya mutu a maɓoyarsa. A littafin hotunansa na 1866 har ya ƙara da cewa ya koma wurin a watan Nuwamba ya tarar da ƙasusuwan da bindigar ta yi tsatsa suna nan yadda suke. A 1961 wani mai suna Frederic Ray ya lura cewa wannan gawa ta fito a wasu hotunan a wani wuri dabam, a 1975 kuma Frassanito ya bi diddigi ya nuna cewa ɗauko ta aka yi daga gangare, tazarar yadi 40 ko fiye, aka kawo lungun saboda ya fi kyan hoto. Bindigar ma ba irin ta gwanayen harbi ba ce, jingina ta aka yi. Ba shi ke nan ba. Wasu gawawwaki a wani fili an ɗauke su ta fuska biyu, a littafin aka ce na hoto ɗaya 'yan tawaye ne, na ɗayan kuma "mutanenmu", alhali mutanen dai su ne.

Muna tsaye sai ga wani saurayi ya kwanta a lungun ya karkatar da kai, budurwarsa na ɗaukarsa da waya suna dariya. Kawu ya kau da kai yana salati.

Na so in kare Gardner, ɗan sana'a ba ya rasa uzurin ɗan'uwansa. Na ce a zamaninsu babu dokar da ta hana gyara wuri kafin a ɗauka, kuma yaron dai ya mutu da gaske, a wannan yaƙi, a wannan tudu. Kawu bai karɓa ba. Ya ce, "Ɗana, ni gawa nake gani a wurin aiki. Wanda ya ja ɗan mutane a ƙasa don hotonsa ya yi kasuwa, kada ka ce mini shaida yake bayarwa. Ai da na garinsu ne ba zai ja shi ba." Ban sami amsar wannan ba, don a iya abin da na gani a takarduna, gaskiyarsa ce.

Shi ne kuma ya kawo maganar Burmi, don dangin mahaifiyata mutanen ƙasar Gombe ne. A can ne ranar 27 ga Yulin 1903 sojojin Birtaniya suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya da ɗaruruwan mutanensa a kan hanyarsu ta hijira zuwa gabas. Masana tarihi sun rubuta cewa an sare kansa aka ɗauki hoto, aka riƙa nunawa a ƙasar Arewa don kowa ya tabbata ya mutu, kada wani ya sake tashi ya bi shi. Shekara arba'in ke nan bayan Gettysburg, kyamara ta yi sauƙi, ta yi sauri, kuma tana hannun wanda ya ci yaƙi. A New York an nuna gawa ana sayar da kati, a Burmi an nuna ta don a karya zuciyar masu rai.

Kasuwar ma ba ta yi wa masu ita albarka ba. Da aka gama yaƙi mutane suka gaji da kallonsa. Littafin Gardner, mai hotuna 100, dala 150 ake sayar da shi, bai samu masu saye da yawa ba. Brady ya karye, Majalisar Dokoki ta sayi tarin gilasansa a 1875 a kan dala 25,000, bashi ya cinye kuɗin, ya mutu a 1896 a ɗakin marasa galihu na wani asibitin New York.

Da za mu tafi na ce wa Kawu ya tsaya a bakin lungun in ɗauke shi, ko don tarihi. Ya ce Allah ya kiyaye. Muka gangara inda aka jera igwa a bakin titi, ya gyara hularsa, ya dafa ƙafar ɗaya daga ciki, ya ce in ɗauka da kyau kada tumbinsa ya fito, don matarsa zai tura wa.